Kafin A Fasa Salansa, A Fara Duba Taya Da Bel

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana masu hawa ƙaramin babur, irin wanda ake kira roba-roba, wato mai ƙananan tayoyi da wurin ajiye ƙafa a gaba, wanda ba a sa masa giya, sai dai a murɗa totur ya tafi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata ɗabi'a da na ga tana yaɗuwa. Da zarar babur ya fara nauyi, ya daina hawa tudu kamar yadda ya saba, sai mai shi ya nufi inda za a fasa masa salansa, a cire matatar iska, a buɗa hanyar mai a kafireta, wai ana nema masa gudu. Ni ma na bi wannan hanya, na kuma ga inda ta ɓulle, shi ya sa nake ganin idan na yi shiru ban kyauta ba.

Babur ɗina mai cc 125 ne, wato ma'aunin girman injinsa. Yana sabo yakan kai kilomita 85 a sa'a guda a miƙaƙƙiyar hanya ba tare da wani yunƙuri ba, amma bayan shekara biyu da 'yan watanni sai ya zama da ƙyar yake taɓa 65, ga ƙugi kamar zai tsage, ga shan mai. Wani matashin makanike ya ce mini injin ne ba ya samun numfashi, na yarda, aka huda salansa, aka jefar da matatar iska. Ƙara kam ta ƙaru, har maƙwabta suka san lokacin fitata da na dawowata, amma allurar gudu tana nan inda take. Ba a yi wata huɗu ba sai ga shuɗin hayaƙi yana bin bayana, ƙura ta cinye ringi, wato zoben fistin da ke cikin injin. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Dattijon makaniken da ya canza mini ringin bai ce mini komai ba sai da ya gama. Daga nan ya kafe babur ɗin a kan ƙafarsa ta tsakiya, ya sa hannu ya juya tayar baya, ko zagaye ɗaya ba ta cika ba ta yi cak, birki yana gugarta a hankali. Ya ɗauko geji ya auna iskar tayoyin, duka biyu sun gaza da kusan kashi ɗaya cikin uku. Sai ya dube ni ya ce, "Malam, ka bar jaki kana dukan taiki. Injin nan ƙarfinsa yana nan, a hanya yake zubewa kafin ya kai ƙasa." Duk abin da zan faɗa a wannan wasiƙa daga wannan magana ya samo asali.

Ya kamata mu fara sanin girman abin da muke hawa. Injin babur mai cc 50 ƙarfinsa bai wuce na doki 3 ko 4 ba, mai cc 125 kuwa yana tsakanin doki 8 zuwa 12, alhali ƙaramar motar gida tana da doki 70 ko sama da haka. Idan birkin mota ya cinye ƙarfin rabin doki, direba ba zai ko lura ba, amma babur mai doki 3 idan ya rasa rabin doki, to kashi ɗaya cikin shida na dukiyarsa ne ya salwanta. Saboda haka ƙananan sakaci da ake rainawa, kowanne yana yagar nasa rabo, har su taru su mai da lafiyayyen babur ya zama kamar tsoho mai ciwon gwiwa. Mai neman ingancin tafiya aikinsa na farko shi ne ya toshe waɗannan kafofi, ya dawo da abin da kamfani ya ba shi tun asali.

Iskar taya ita ce mafi sauƙi, ita ce kuma aka fi mantawa. Tayar irin wannan babur ƙarama ce, galibi inci 10 ko 12, iskar da ke cikinta ba ta da yawa, don haka ɗan abin da ya sulale a mako biyu ya isa ya sa ta baje a ƙasa tana jan babur baya. Latsa ta da babban yatsa yaudarar kai ne, domin tayar da ta rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta za ta iya yi wa yatsa tauri. Geji ake sa wa, kuma da safe kafin a hau, lokacin da tayar take da sanyi. Adadin da ya dace yana rubuce a littafin babur ko a wata takarda da aka manna a ƙarƙashin kujera ko kusa da wurin ƙafa, kuma sau da yawa ta baya tana ɗan fin ta gaba, musamman idan ana goyo. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Wanda ya cika ta fiye da kima kuwa ya rage wurin da take kama ƙasa, ranar da aka yi ruwa zai gane kurensa. A wannan zama ɗaya ne ake juya kowace taya da hannu a saurara. Idan an ji guga, a sassauta notin birki kaɗan, a sa wa wayarsa mai, a tabbatar hannun birki yana da ɗan wasa kafin ya kama, yana kuma komawa wurinsa da kansa idan an sake shi.

Sai matatar iska, wadda na zalunta. Injin fetur yana bukatar iska mai nauyin kusan sau 14.7 na nauyin man da yake ƙonawa, wanda idan aka lissafa da faɗi, kowace lita ɗaya ta fetur tana tafiya da iska kusan lita 9,000. Duk wannan iska ta cikin ɗan soson nan ko 'yar takardar nan take bi. Idan ƙura ta toshe ta, mai ya rinjayi iska, sai babur ya riƙa shaƙewa idan an murɗa totur, fulogi ya yi baƙi, tanki ya riƙa ƙarewa da wuri. Idan kuma aka cire ta gaba ɗaya, ɓarna biyu ce. Ƙura za ta shiga ta gauraya da mai ta zama kamar sanfefa tsakanin fistin da bangon silinda, sannan iska za ta rinjayi mai, injin ya riƙa zafin da ya wuce kima, wanda kan ƙone bawul, wato 'yar ƙofar shigar mai da iska ko ta fitar hayaƙi, wani lokaci har ya huda kan fistin. Matata ta soso ana wanke ta, a bar ta ta bushe sarai, a ɗiga mata mai kaɗan a matse da tafin hannu, ba a murɗa ta kamar wanki domin yagewa take yi. Ta takarda kuwa ba ta son ruwa, canza ta ake yi, kuma akwai irin da kamfani ke shafa wa mai tun daga masana'anta, wadda ko hura mata iska ba a yi. Mai bin hanyar ƙasa ya kamata ya riƙa buɗe ta tun kafin lokacin da littafi ya ɗiba, domin masu rubuta littafin kwalta suka fi sa wa a rai.

Fulogi shi ne mai ba da labarin abin da ke faruwa a cikin injin, ga wanda ya iya karanta shi. Idan bakinsa ya yi ruwan ƙasa mai haske, ƙonuwa tana tafiya daidai. Idan ya yi baƙi da busasshen kunkunniya, mai ya yi yawa ko iska ta gaza. Idan baƙin ya zo da danshi da maiƙo, baƙin mai ne ke haurowa, a duba ringi. Idan kuwa ya yi fari fat kamar alli, injin yana ƙishirwar mai, kuma wannan shi ne mafi haɗari a cikinsu. Tazarar bakinsa a yawancin waɗannan injuna milimita 0.6 zuwa 0.7 ce, tana kuma buɗewa da tsufa har tartsatsin ya yi rauni. A sa irin lambar da kamfani ya faɗa, a fara ɗaura shi da yatsu har ya zauna kafin a kawo sifana, domin kan injin na alminiyam ne, zarensa ba ya jure gardama. Fulogin da ake tallatawa wai yana ƙara gudu, ni dai ban taɓa ganin ya yi abin da sabon fulogi na asali bai yi ba.

Game da baƙin mai, abin da mutane ba sa lura da shi shi ne ƙanƙantarsa. Injuna da yawa na wannan aji, irin samfurin GY6 da kamfanoni barkatai a Sin da Taiwan suke ƙerawa, abin da suke ɗauka bai kai lita ɗaya ba, kusan 0.7 zuwa 0.8 ne, kuma ba su da matatar mai ta sosai irin ta mota, sai 'yar rariyar ƙarfe da ke tare manyan tarkace. Wannan ɗan mai shi ke sulɓanta injin da ke juyi sau 7,000 zuwa 8,000 a minti ɗaya, shi ke kuma taya iska sanyaya shi. Ba abin mamaki ba ne ya gaji da wuri. A riƙa duba sandar awonsa kowane mako, babur yana tsaye sak a shimfiɗaɗɗen wuri, a canza shi yana da ɗumi domin ya fito da dattinsa, a wanke rariyar nan a mai da ita. Kauri irin 10W-30 ko 10W-40 shi littattafai suka fi ambata, kuma da yake kulocin waɗannan babura busasshe ne, ba ya wanka a cikin mai, baƙin man da aka rubuta wa alamar JASO MB a jikin robarsa shi aka yi dominsu. Masu cikawa har baki don wai kada ya ƙare su sani cewa abin da ya wuce alama nauyi yake ƙara wa injin, yakan kuma bi ta bututu ya jiƙa matatar iska. Akwai kuma man giya a can baya kusa da taya, ɗan kaɗan ne, bai cika kofin shayi ba, amma na san babura da suka tsufa ba a taɓa kwance notinsa ba.

A nan sai in yi wa salansa adalci. Akwai injin da ake gauraya masa baƙin mai da fetur suna ƙonewa tare, irin na tsofaffin Vespa da kamfanin Piaggio na Italiya ya fara fitarwa a 1946. Shi wannan, kunkunniya takan taru a ƙofar fitar hayaƙi da cikin salansa har ta shaƙe shi, kuma gaskiya ne hakan yana kashe masa ƙarfi. Amma maganinsa kankarewa da tsabtacewa ne. An auna siffar salansar irin wannan injin ne ta yadda za ta taimaka wajen riƙe cakuɗen mai da iska a cikin silinda, wanda ya huda ta ya zubar da wani ɓangare na ƙarfin da man tare.

Bawul kuwa aikin makanike ne ga wanda bai saba ba, amma ya kamata mai babur ya san yana nan domin ya tambaya. Akwai 'yar tazara da ake bari a samansa, wadda a injuna da yawa take tsakanin milimita 0.05 zuwa 0.10, kusan kaurin gashin kai, ana kuma auna ta da siraran ƙarafan awo lokacin da injin ya huce sarai. Idan tazarar ta rufe, bawul ba ya zama daram, matsi yana sulalewa, sai babur ya yi wuyar tashi, ya riƙa mutuwa a danja bayan ya yi zafi. Mutane sukan ɗora wa kafireta laifin wannan, su yi ta juya sukurorinta a banza. Ɗan ƙas-ƙas mara ƙarfi daga kan injin ya fi alheri a kan shiru na bawul da ya matse.

Yanzu na zo wurin da gudun babur ɗina ya ɓuya, wato cikin dogon murfin nan na gefen hagu. Babur da ba a sa masa giya yana da giya, sai dai shi ke sa wa kansa, ta hanyar bel da fuli biyu. Kowane fuli kamar faifai biyu ne da suka fuskanci juna, bel yana zaune a tsakaninsu. A bayan fulin gaba akwai 'yan rola, galibi guda 6, waɗanda idan injin ya ƙara juyi sai su watsu zuwa gefe, su tura faifan su matso, bel ya rasa wurin zama a ƙasa ya hau sama zuwa baki, fulin baya kuma ya buɗe ya ba shi hanya. Hawan nan da bel yake yi shi ne shiga babbar giya. To, bel da gefensa yake aiki, gefen ne kuma yake cinyewa, saboda haka idan ya rame da milimita ɗaya ko biyu ba zai ƙara kai bakin faifai ba, ko da an murɗa totur har ƙarshe. Injin zai yi ta kururuwa, amma babbar giyar ta tafi. Su ma rola, da suke zagayayyu, sukan goge su yi faɗi a gefe ɗaya, su riƙa maƙalewa a hanyarsu, shi ne za ka ji babur yana fizga ko yana jinkirin ɗaukar gudu.

Dattijon nan ya nuna mini wannan da idona. Ya buɗe murfin, baƙar ƙura ta zubo kamar garin gawayi, ya ɗauki alƙalamin maka ya ja layi a fuskar faifan gaba daga tsakiya zuwa baki, ya rufe, ya ce in je in taka shi iyakar ƙarfinsa in dawo. Da muka sake buɗewa, bel ya goge tawadar har inda ya iya kaiwa, ya bar kusan faɗin ɗan yatsa a baki bai taɓa ba. Ya ɗora tsohon bel a kan sabo, bambancin faɗinsu a fili yake, ya zuba mini rola a tafin hannu, uku daga cikinsu ko mirginawa ba sa yi. Ya nuna mini lambobi uku da ke jikin bel, nawa 743-20-30 ne, wato tsawo da faɗi da kusurwar gefe, ya ce kada in yarda a sa mini wanda ya saɓa da su don kawai ya shiga. Ya goge takalman kuloci da sanfefa mai laushi domin sun yi ƙyalli suna santsi, ya wanke ƙwaryar kulocin, ya kuma gargaɗe ni cewa ko ɗigon giris kada ya taɓa bel ko fuskar faifai. Kamfanoni sun bambanta a kan lokacin canza bel, wasu tun kilomita 10,000 da wani abu, wasu har sama da 20,000, amma ba wanda ya ce a jira sai ya tsinke, domin ranar da ya tsinke babur ba ya ko motsi sai turi.

Akwai masu canza nauyin rola don neman gudu, kuma ya kamata a faɗi abin da hakan yake yi. Marasa nauyi suna sa injin ya yi juyi da yawa kafin giya ta hau, sai tashi ya yi kaifi, ƙara da shan mai su ƙaru. Masu nauyi suna hawar da giya da wuri, sai babur ya yi lagwas a tudu. Ko ɗaya bai ƙara wa injin ƙarfin ƙwayar zarra ba, wurin da ake kashe ƙarfin kawai aka sauya. Ga mai zuwa aiki da dawowa, nauyin da kamfani ya zaɓa shi ne tsaka-tsakin da ya fi dacewa.

Da gangan na bar kafireta a baya, domin ita ake fara tuhuma alhali sau da yawa ba ta da laifi. Idan babur ya daɗe a ajiye, fetur yakan lalace ya bar danƙo a ƙananan hujojinta, sai a kwance a wanke da maganin wanke ta, a hura iska, ba a zura waya a ciki domin hujin da aka faɗaɗa ba ya komawa. A kuma duba robar da ta haɗa ta da injin, wadda zafi yakan tsattsaga ta riƙa satar iska. Sababbin babura masu fesa mai da na'ura ba su da abin juyawa a nan, tsabtataccen fetur da batir mai rai suke bukata. Sannan murfin robar da ya lulluɓe silinda ba ado ba ne, shi ke tilasta wa iskar fanka ta bi ta kan injin, wanda ya cire shi wai don injin ya sha iska ya hana shi iskar ne.

Ko an yi duk wannan, ƙaramin babur yana da iyakar da ba makaniken da zai ɗaga ta da guduma. Ƙarfin da ake bukata don ratsa iska yana ninkuwa sau 8 idan an ninka gudu sau 2, don haka tashi daga kilomita 80 zuwa 90 kaɗai yana neman ƙarin fiye da kashi 40 cikin 100, abin da huda salansa ba zai taɓa kawowa ba. A ƙasashen Tarayyar Turai ma doka ta tsayar da ajin ƙananan masu cc 50 a kan kilomita 45 a sa'a guda, kuma birkinsu da tayoyinsu a kan irin wannan gudu aka auna su. Akwatin da aka cika da tarkace a baya da faffaɗan gilashin da aka ƙara a gaba su ma suna karɓar nasu haraji.

Nawa babur ɗin, bayan sabon bel da rola, da matatar iska, da salansa ta asali da na sake saye ina cizon yatsa, ya dawo yana kai 82 zuwa 83, yana tashi da bugu ɗaya da safe, kuma tankin da yake yi mini kwana huɗu yanzu yana kai ni biyar. Na sayi ɗan geji na ajiye a ƙarƙashin kujera tare da ƙaramin littafi da nake rubuta kilomitar duk abin da aka canza. Ina roƙon Edita, idan da hali, a riƙa gayyato ƙwararrun makanikai suna amsa tambayoyin masu babura a wannan shafi, a kuma fara da batun yadda za a gane bel na gaske da jabu, domin ni ma sai da aka sayar mini da jabu sau ɗaya, bai yi kilomita 2,000 ba ya fara zubar da zare.

Na gode da wannan fili da aka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu, mahayin ƙaramin babur